Yadda ake haɗa tukunyar zuƙe iska don raba rezin da kumfa

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya haɗa wa kansa tukunyar zuƙe iska domin raba rezin ɗin zubi, wato ruwan roba mai kauri da ake zubawa a mazubi ya daskare, da kumfa, ka kuma ce kana da tsohuwar tukunyar ƙarfe mai faɗin baki santimita 30 da kwamfaresan firiji da kake tunanin haɗawa, sannan abin da ka fi zubawa shi ne nau'in rezin da ake kira ifoksi, wani lokaci kuma silikon na yin mazubi. Za ka iya, kuma idan kaya sun kammalu a hannunka aikin ba zai ci maka fiye da yini guda ba. Sai dai na daɗe da lura cewa mai farawa yakan tattara hankalinsa a kan tukunyar, alhali ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Murfi da injin zuƙa su ne ƙashin bayan aikin, murfin saboda lafiyar idonka da fuskarka, injin kuwa saboda shi ne zai nuna ko kumfar za ta fita, ko kuwa za ta kumbura ne kawai ta koma inda take.

Iskar da muke rayuwa a cikinta tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kilo ɗaya da 'yar ɗoriya a daidai gaɓar teku, abin da ake rubutawa kilofaskal 101, ko inci 29.9 na zaiba a irin gejin auna matsi da aka fi ɗaura wa waɗannan tukwane. Lokacin da kake juya rezin da sinadarin da ke daskarar da shi, kana cusa iska a ciki ko ka so ko ba ka so ba, kuma ƙananan ƙwayoyin iskar ba su da ƙarfin ratsa kaurin rezin su taso sama kafin ya kama jikinsa. Ƙa'idar da Robert Boyle ya wallafa a shekarar 1662 ita ce ta bayyana maganin: duk lokacin da matsin da ke kan iska ya ragu da rabi, girmanta yakan ninka. Idan ka sauke matsin cikin tukunya zuwa kashi ɗaya cikin talatin na asalinsa, kowace ƙwayar iska za ta kumbura sau talatin, faɗinta ya ƙaru sau uku da wani abu, saurin tasowarta ya kusa ninkawa sau goma, ga shi kuma tana haɗuwa da 'yan'uwanta a hanya su dunƙule su fashe a sama.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ake nacewa a kan inci 29, domin geji yana nuna yawan matsin da aka rage ne daga cikin inci 29.9 ɗin nan. Idan allurar geji ta tsaya a 20, sulusin iskar yana nan, ƙwayoyin sun ninka sau uku ne kacal. A 27 sun ninka sau goma, a 29 kuwa sun haura talatin. Wato incin nan biyu na ƙarshe, waɗanda tazararsu a fuskar geji ba ta wuce faɗin farce ba, sun fi duk waɗanda suka gabace su aiki. Amma ka sani cewa geji yana auna bambanci ne tsakanin ciki da waje, saboda haka a wuri mai tudu iyakar abin da zai nuna tana raguwa da kusan inci ɗaya a duk mita 300 na tsayi. Wanda ke zaune a tsayin mita 1,500 zai ga allurarsa ta maƙale a wajen 25 ko da injinsa sabo ne fil, kuma wannan ba laifin injin ba ne.

Tukunyarka za ta yi idan jikinta mai kauri ne, zagayenta bai lanƙwashe ba, bakinta kuma a daidaice yake. Ƙarfen da ba ya tsatsa ko alminiyam mai kauri duk suna yi, tsohuwar tukunyar nan mai dafuwa da matsin tururi ma ta fi su, domin dama don ɗaukar ƙarfi aka ƙera ta. Mai siririn jiki za ta lotsa kamar gwangwani, musamman idan tana da tsohon lotsi. Bokitin roba da kwalbar gilashi da akwati mai kusurwa huɗu kuwa, ka cire su daga lissafi. Ka kife tukunyar a kan gilashi mai lebur ka leƙa ko haske yana wucewa ta ƙarƙashin bakin. Idan yana wucewa kaɗan, sai ka manna samfefa a kan lebur ɗin ka riƙa goga bakin a kai har ya daidaita.

Yanzu ga murfi, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Baki mai faɗin santimita 30 yana da fili na murabba'in santimita 707, don haka idan tukunyar ta zuƙu, nauyin da ke zaune a kan murfin ya haura kilo 700, kamar a ce ƙarti goma sun hau kansa sun tsaya. Ido ba ya ganin wannan nauyi, shi ya sa ake raina shi. Tun a ƙarni na 17 Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg ta Jamus, ya haɗa ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe baki da baki ya zuƙe iskar cikinsu, aka ɗaura dawakai ta kowane ɓangare suka yi ta ja suka kasa raba su. Irin ƙarfin da ya gagari dawakan nan shi ne zai zauna a ƙarƙashin fuskarka kana leƙen kofi. Dole ne murfin ya zama wanda ake gani ta cikinsa, domin aikin nan da ido ake yin sa, kuma abin da aka saba amfani da shi shi ne farantin akirilik ko na folikabonet, wato nau'o'in roba mai tauri mai kama da gilashi. Ga baki irin na tukunyarka, kada kaurinsa ya gaza milimita 20, idan ka samu 25 ya fi, kuma ya zarce bakin da santimita biyu ko uku ta kowane gefe. Kada ka ce milimita 10 rabin ƙarfin 20 ne da shi, lissafin ba haka yake tafiya ba: idan aka rage kauri da rabi, wahalar da farantin ke sha takan ninka sau huɗu, lanƙwasarsa kuma sau takwas. Faranti mai milimita 6 a kan wannan baki ya riga ya kai iyakar abin da akirilik ke iya ɗauka tun daga zuƙar farko.

Tsakanin su biyun na fi karkata ga folikabonet, duk da cewa ya fi saurin karcewa, domin shi yakan lanƙwasa ya ba ka alama, akirilik kuwa idan ya gaji tarwatsewa yake yi ya zama ɓaraguzai masu kaifi. Dukansu ba sa shiri da asiton da sauran sinadaran narkarwa. Na taɓa goge ɗigon rezin daga murfin akirilik da tsumman da aka jiƙa da asiton, bayan 'yan kwanaki da na karkata shi ga hasken taga sai na ga wasu siraran layuka suna ƙyalli a cikin jikinsa kamar saƙar gizo-gizo, daidai inda tsumman ya bi. Murfin da ya nuna wannan alama ya gama aiki, ko da a ido yana da sauran ƙwari, kuma a ranar na ajiye shi. Ruwa da sabulu sun isa wanke shi. Masu ɗura wa katako rezin mai ruwa-ruwa don ya yi tauri sukan zaɓi gilashi mai kauri wanda aka ƙarfafa da wuta, saboda tururin wannan rezin yana cin akirilik. Shi kuma wannan gilashi ba a huda shi, da zarar bakin injin huda ya shige shi sai ya wargaje gaba ɗaya. Gilashin taga kuwa ko kusa kada ya zo.

Wannan ya kawo mu ga inda za a huda. Ka huda jikin tukunyar ta sama, kusa da baki, ka bar murfin lafiyarsa. Tsakiyar faranti ita ce inda wahala ta fi taruwa, kuma huji a wurin shi ne mafarin tsagewa. Huji ɗaya ya isa: ka zura mahaɗin tagulla mai zare na rubu'in inci, ka sa zoben roba ta waje domin iskar waje ta riƙa danna shi ga jikin tukunyar, ka ɗaure da noti ta ciki. A kansa sai ka ɗaura mahaɗa mai baki huɗu, ɗaya na geji, ɗaya na bawul ɗin da ke zuwa inji, ɗaya kuma na bawul ɗin da ke maido da iska. Kowane zare ka naɗe shi da farin tef ɗin masu aikin famfo, zagaye uku ko huɗu, ta fuskar da zaren ke ɗaurewa. Tiyo kuwa sai mai ƙarfafaffen jiki, irin na masu gyaran firiji, domin tiyon ruwa na yau da kullum zai manne ya toshe hanya. Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa: ɗan matacin soso a bakin bawul ɗin maido da iska don kada ƙura ta bi ta faɗa cikin rezin, da ɗan gwiwar bututu ta ciki wanda zai karkatar da iskar zuwa bango, domin idan ta shigo kai tsaye takan kifar da kofi.

Tsakanin baki da murfi sai roba mai laushi. Ka yanko zobe daga shimfiɗar silikon mai kaurin milimita 3 zuwa 5, ya ɗan fi bakin faɗi, kuma ya zama yanka ɗaya ba tare da haɗi ba. Ba ka buƙatar ƙugiya ko noti don riƙe murfin. Ka ɗan danna shi da tafin hannu a daƙiƙun farko, iskar waje za ta karɓi aikin daga hannunka.

Game da kwamfaresan firijinka, zan gaya maka gaskiya: zai koya maka aikin, amma ba zai ɗore da kai ba. Da yawa daga cikinsu sukan tsaya tsakanin inci 25 da 28, suna ja a hankali, suna fesar da mai ta bututun fita, suna kuma yin zafi domin a cikin firiji gas ɗin da ke dawowa ne yake sanyaya su. Idan har za ka cire shi daga tsohon firiji, bari mai gyara ya kwashe gas ɗin da kayan aikinsa, kada a sake shi a iska. Ga ifoksi mai ruwa-ruwa kuma mai jinkirin kamawa, zai rage maka kumfa sosai. Ga silikon mai kauri kuwa, sau da yawa zai kumbura shi ne ya riƙe shi a kumbure ba tare da ya fashe ba. Injin shara mai zuƙe ƙura ma bai kai nan ba, domin ko sulusin iskar ba ya iya cirewa. Abin da ya dace shi ne injin zuƙa mai amfani da mai, irin wanda masu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ke zuƙe bututu da shi kafin su ɗura gas. Ƙarami mai jan lita 85 a minti, wanda ake rubuta masa 3 CFM a jiki, zai kai tukunya mai lita 10 zuwa inci 29 cikin minti ɗaya ko ɗan sama da haka, kuma mai mataki ɗaya ya wadatar, ba sai mai mataki biyu ba. Saurin nan yana da muhimmanci domin rezin ba ya jira, shi ya sa ƙaramar tukunya da ta ɗauki kofinka ta fi babba da rabinta fanko ne.

Wannan inji yana da halaye biyu da ya kamata ka kiyaye. Na farko, idan ka kashe shi alhali tukunyar tana zuƙe kuma bawul a buɗe, tukunyar za ta iya jawo mansa ta cikin tiyo ya zubo a kan aikinka. Kullum ka rufe bawul tukuna, sannan ka kashe. Na biyu, yana fitar da hazon mai ta bakin shaƙarsa, don haka a yi aiki inda iska ke ratsawa, ko a ja bututu daga bakin zuwa waje. Ka riƙa duba man ta 'yar tagar gilashin da ke jikinsa, idan ya fara yin fari-fari kamar an gauraya shi da ruwa to danshi ya shige shi, kuma ƙarfin zuƙa zai ragu har sai ka canza. A canza shi yana da ɗumi, kuma da man da aka yi don irin wannan inji, ba baƙin man mota ba.

Gwajin farko a yi shi tukunya ba komai a ciki, ka lulluɓe murfin da bargo mai kauri, ka sa tabaran kariya, ka tsaya gefe. Idan allura ta kai iyakarta sai ka rufe bawul, ka kashe inji, ka ba shi minti 15. Idan ta sauka da inci ɗaya ko ƙasa da haka, wannan ba zai hana ka aiki ba. Idan tana gangarowa kana kallo, akwai yoyo. Ruwan sabulu ba zai nuna maka wurin ba kamar yadda yake yi a taya, domin a nan iskar shiga take yi. Ka riƙa shafa man giris mai kauri a mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, inda ka shafa allura ta tsaya to nan ne. Tun da ƙananan geji ba su da tabbas a ƙarshen ma'auninsu, gani ya kori ji: ka sa rabin kofi na ruwa mai ɗumin digiri 25 a ciki. A wannan ɗumi ruwa yana tafasa idan matsi ya sauko kusan kilofaskal 3, wato daidai abin da kake nema. Ƙananan ƙwayoyin da za su fara mannewa a bangon kofin iskar da ke narke a ruwan ce, tafasar gaske kuwa za ka ga manyan kumfa suna tasowa da ƙarfi, kuma idan ka buɗe ka taɓa za ka ji ruwan ya ƙara sanyi. Kada ka daɗe a wannan gwaji, tururin yana ɓata man inji.

Idan aka zo ga aikin kansa, kofin da za ka juya rezin a ciki ya ninka yawan rezin ɗin sau huɗu ko biyar, kuma mai faɗin baki ya fi dogo siriri. Ka shimfiɗa faranti ko leda mai kauri a gindin tukunyar saboda ambaliya. Da ka kunna inji, hannunka ya zauna a kan bawul ɗin maido da iska, idonka a kan kofi. Da silikon abin ya fi fitowa fili: a wajen inci 25 fuskarsa za ta fara ƙuraje, sai ya taso gaba ɗayansa kamar ana hura shi, ya yi fari, ya nufi bakin kofi. Idan ya kusa zuba, ka ɗan buɗe bawul na daƙiƙa ɗaya, zai koma, ka sake rufewa. Bayan ka yi haka sau biyu ko uku za ka ga ya kai wani tsayi ya yi rawa, sannan ya rushe da kansa ya zauna a gindin kofi yana ɓulɓula a hankali. Wannan rushewar ita ce alamar da kake jira. Ka ƙara masa minti ɗaya zuwa biyu, ka rufe bawul ɗin inji, ka maido da iska sannu a hankali. Kada ka jira sai ɓulɓular ta ɗauke ɗungurungum, domin abin da ke fita a ƙarshe ba iskar juyi ba ce, sinadaran rezin ne masu saurin tashi suke tafasa, kuma rasa su yana iya taɓa yadda zai daskare.

Ba kowane rezin ne yake karɓar wannan aiki iri ɗaya ba. Ifoksin da kake amfani da shi ya fi kowanne sauƙin kai, musamman mai ba da wa'adin rabin awa ko fiye kafin ya fara kamawa. Idan ya yi kauri, ka tsoma kwalbarsa a rufe cikin ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 40 kafin haɗawa, amma ka tuna cewa duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin wa'adin aikinsa, kuma rezin mai yawa a kofi ɗaya yana haifar da zafin kansa. Foliyuriten mai kamawa cikin minti uku ko biyar ba ya ba da lokacin zuƙa bayan haɗawa, sai dai a zuƙe kowane ɓangare daban tukuna, a juya a hankali. Shi kuma kumfarsa sau da yawa daga danshi take, domin sinadarinsa yana haɗuwa da ruwa ya haifar da iskar kabon dayoksaid, kuma wannan babu tukunyar da za ta magance shi idan sandar juyi ko mazubin suna da laima. Foliyesta yana ɗauke da sitairin, wanda ke saurin tashi a ƙarƙashin zuƙa mai zurfi ya gurɓata man inji ya kuma ci murfin roba, saboda haka a taƙaita masa. A kowannensu ka sa safar hannu ta naitiral, domin ifoksin da bai daskare ba yana iya sa fata ta ƙi shi har abada bayan yawan taɓawa.

Akwai kuskure ɗaya da nake yawan gani, wato a zuba rezin a mazubi a bar shi ya daskare cikin zuƙa. Abin da zai fito kamar soso ne, domin kumfar ta sandare tana kumbure. Tukunyar zuƙa aikinta a kan kofi yake, kafin zubi. Bayan nan sai hannunka: ka karkata mazubin, ka zuba siririn zare daga ɗan tsayi zuwa wuri mafi zurfi, ka bar rezin ya hau da kansa yana tura iska gaba. Duk da haka, iskar da ta maƙale a lungun mazubi mai sarƙaƙiya tana iya zama, kuma maganinta tukunyar matsi ce, wadda ke danne zubin da matsin kilo 3 zuwa 4 a kan kowane murabba'in santimita har ya daskare, ƙwayoyin su ƙanƙance su narke a cikin rezin. Wannan kada ka haɗa ta da kanka, kada kuma ka taɓa hura iska a tukunyar da muka bayyana, domin zuƙa tana manne murfi ne, matsi kuwa cilla shi yake yi, kuma ga faɗin bakin tukunyarka ƙarfin zai haura tan biyu. Ranar da ka sayi tukunyar matsi wadda aka ƙera don haka, za ka tarar tana buƙatar wannan ta zuƙa a gefenta, domin mazubin silikon da ba a cire wa iska ba, idan aka matsa shi, ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatarsa sukan lotsa, rezin ya bi lotsin, zubin ya fito da ƙuraje a duk jikinsa.